Muna Gudun Aljanin Tsamiya, Muna Rataya Dodon Kanti

Jama'a, a gyara zama, a matso da tabarma, yau zancen namu ne gaba ɗaya, kuma jirgi ɗaya ya kwaso mu. Mu ne fa mutanen da ba ma zubar da ruwan zafi a tsakar gida sai mun yi bismillah, don kada mu ƙona 'ya'yan waɗanda ba ma gani. Mu ne ba ma bi ta ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana, ba ma zama gindin kuka da almuru, ba ma yin fito da dare, kuma da zarar rana ta yi ja za ka ji iyaye mata daga kowane gida suna ƙwala wa yara kira, ku shigo, magariba ta yi, masu wuri sun fito. Ko sunansu ba ma son kamawa, sai mu ce mutanen ɓoye, sai mu ce iska, muna faɗa muna waiwaye. Tsohuwar rijiya, kango, juji, bakin maƙabarta, marinar da aka daina aiki a cikinta, duk mun san masu su, duk mun bar musu kayansu. To, mu ɗin nan dai, masu wannan taka-tsantsan, mu ne yau muka zare kuɗi muka sayi dodon daji da haƙoransa a waje, muka rataya shi a jakar hannu, muka shiga da shi gidan biki ana ce mana, kai, wannan ya yi kyau, a ina kika samu?

Wanda bai ga dodon ba, ya leƙa wayar ƙanwarsa. Wata 'yar halitta ce mai gashi buzu-buzu, da dogayen kunnuwa irin na zomo, da manyan idanu, da baki a wage daga kunne zuwa kunne, haƙora tara reras masu tsini, tana murmushin wanda ya san inda aka ɓoye naman miya. Sunanta Labubu. Tana lilo a jakar 'yar jami'a, tana lilo a mabuɗin motar Hajiya, tana zaune a kan madubin amarya tsakanin humra da turaren wuta, har a jakar makarantar yaran da ba su gama haddace Izu biyu ba. Kaka ta gan ta ta ja da baya, ta ce a'uzubillahi, ke 'yar nan, wane irin mugun abu ne kika shigo mana da shi gida? Jika ta ce haba Kaka, ai yayi ne, kowa ita yake riƙewa. Kaka ta yi tsaki ta tofa addu'a, amma kafin la'asar sai ga ta ta ɗauke ta tana jujjuyawa, tana shafa gashin, tana cewa shegiya da ido kamar ta yi magana. Washegari kuma idan jika za ta fita ta manta da ita a kan gado, Kaka ce za ta ce, ke, kin bar 'yar taki.

Abin da yawancinmu ba mu tsaya tambaya ba shi ne daga wane daji aka kamo ta. Wanda ya ƙirƙire ta mai zane ne, Kasing Lung, haifaffen Hon Kon a 1972, wanda iyayensa suka koma da shi ƙasar Holan tun yana yaro. A can ya tashi yana karanta tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, masu cike da dodanni da ƙananan aljanun daji, kuma da ya girma ya zana nasa, ya fitar da littattafan hotuna a 2015 da suna The Monsters. A cikin labarin, Labubu mace ce, 'yar wata ƙabila da ke zaune a kurmi, ga ƙiriniya, ga son taimako, amma duk abin da ta sa hannu don ta gyara sai ta ɓata shi. Kowace unguwa tana da irinta, mai zuwa taya aikin suna ta kifar da tukunyar waina. A 2019 wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Pop Mart, wanda Wang Ning ya kafa a Beijin a 2010, ya shiga yarjejeniya da mai zanen ya fara ƙera ta da yawa. Ta yi shekaru tana nan shiru-shiru, sai a 2024 aka ga Lisa, mawaƙiya 'yar ƙasar Tailan da ke ƙungiyar Blackpink ta Koriya ta Kudu, da ita a hannu, sai duniya ta ɗauka. Aka gan ta a jakar Rihanna. A watan Mayun 2025 kamfanin ya dakatar da sayar da ita a shagunansa na Birtaniya saboda masu layi sun fara ba hammata iska, a watan Yuni kuma aka yi gwanjon wata mai tsayin mutum a Beijin, aka saye ta yuwan 1,080,000, wajen dala 150,000. Kuɗin gida sukutum da rijiyar burtsatse, a kan 'yar tsana.

Ku dubi yadda ake sayar da ita kuma, nan ne za ku san lallai zamani riga ne. A kwali rufaffe take zuwa, ba ka san launin da ke ciki ba sai ka biya ka yage. A cikin jeri guda akwai launuka shida, sannan akwai ta musamman da aka ɓoye, wadda a jerin da aka fi nema ake samun ɗaya cikin kwali 72. Mu da iyayenmu suka koya mana ba a cinikin biri a sama! Mu da ba ma sayen buhun masara sai mun soka hannu har gwiwar hannu, ba ma sayen atamfa a Kantin Kwari sai mun murza bakinta mun ɗanɗana ko tana zuba, ba ma karɓar mudun gero sai an yi masa toliya, ba ma sayen kankana sai an yanka mun ga ja. Yau ga mu mun miƙa kuɗi a kan abin da ba mu gani ba, mun kunna kyamarar waya, muna yage kwali hannu na rawa, muna Allah sa ruwan hoda ce, Allah sa ruwan hoda ce. Ta fito ruwan toka, mu ce ba komai, haka Allah ya so, mu sake sayen wani kwalin. Masu kamfanin sun san abin da suke yi sarai, ɗokin buɗewar suke sayarwa, 'yar tsanar gyara ce.

Da yake kuma ba kowa ke da kuɗin ta ainihi ba, sai jabu ta cika kasuwa, har duniya ta raɗa mata suna Lafufu, kuma ita ce ta fi yawa a jakunkunanmu, mu faɗi gaskiya. Wata ido ɗaya ya fi ɗaya girma, wata kunnuwa sun baje, wata kai ya juya baya, wata haƙoranta goma. Shi ya sa yanzu za ka ga 'yan mata a gidan biki sun kama dodon ƙawarsu sun buɗe masa baki suna ƙirga haƙora, ɗaya, biyu, uku, yadda Alhaji ke duba bakin rago a kara ana jibi Sallah. Idan suka cika tara a ce ta gaske ce, mai ita ta ɗaga kai. Idan suka zarce, a kwashe da dariya, mai ita ta ce ai da gangan ta saya, tata ta fi ban dariya, kuma da gaskiyarta. So hana ganin laifi. Akwai kuma masu ɗinka mata kaya, ka ga tela da ya riƙe ɗinkin Sallar mutane wata biyu ya zauna ya yi wa 'yar tsana riga da ɗankwali daga ragowar leshin uwar ɗakinta, har da anko.

To ina zancen sa'a ya shigo? A Tailan, inda aka fi haukacewa a kanta, mutane da dama sun ɗauke ta abin jawo arziki, har aka riƙa yin layu da siffarta, wasu suka sa aka zana musu ita a jiki. Wannan kuwa ba a kanta aka fara ba, tana da wa, wanda ya girme ta da shekara fiye da hamsin, kuma daga daji ɗaya suka fito. Mutanen Norwe da Suwidin da Denmak suna da wani dodo a tatsuniyoyinsu da suke kira trol. A duwatsu yake zaune da kogo da tsakiyar kurmi, wani ƙato ne, wani ɗan guntu, yana ɓatar da matafiyi a daji, yana satar kayan manomi, yana tsoron tsawa da ƙarar ƙararrawar coci, kuma a labarai da yawa idan hasken rana ya taɓa shi sai ya zama dutse. Babban abin da ake tsoronsa da shi shi ne musanyar jarirai, ya ɗauke ɗan mutane ya ajiye nasa. Kun san maganin da matan can suke yi a da? Ƙarfe suke sawa a shimfiɗar jariri, wuƙa ko almakashi. Ku faɗa mini, wace mai jego ce a cikinmu ba a tura mata wuƙa ƙarƙashin matashin jaririnta ba, aka ce kada ta kuskura ta bar shi shi kaɗai a ɗaki don kada a musanya shi? Tsakaninmu da su akwai hamada da teku, amma tsoron uwa iri ɗaya ne, dabararta ma iri ɗaya.

Wannan dodon da ake sa wa wuƙa, wani talaka ne ya mai da shi abin runguma. Sunansa Thomas Dam, mutumin wani ƙauyen masunta da ake kira Gjøl a arewacin Denmak, an haife shi a 1915, ya taɓa gashin burodi, ya taɓa su, yana kuma sassaƙa. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, a 1959 ba shi da kuɗin da zai saya wa 'yarsa kyauta, sai ya ɗauki itace ya sassaƙa mata ɗan dodo mai faffaɗan hanci da manyan kunnuwa da murmushi, yaran ƙauye suka gani kowa ya ce shi ma yana so. Daga itace aka koma roba, aka sa masa idon gilashi da gashin fatar tunkiya a tsaye cirko-cirko, aka riƙa sayar da shi da sunan dodon sa'a, ana cewa a shafa gashinsa alheri ya biyo baya. Tsakanin 1963 da 1965 Amurka ta rikice a kansa, ɗalibai suna shiga jarrabawa da shi, tsofaffin mata masu wasan canki-canki na bingo suna jera shi a gabansu, abin da wasunsu ke yi har yau. A 1963 Betty Miller ta zama mace ta farko da ta ƙetare Tekun Fasifik ita kaɗai a jirgin sama, daga Kalifoniya zuwa Ostireliya, da ɗan dodon nan a gefenta. Amma ku lura da kyau, matar nan ta yi shekaru tana koyar da tuƙin jirgi, ta cika tankunanta da mai, ta san hanyarta a taswira, sannan ta ɗauki dodo.

Shi kuwa mai dodon sa'ar, sa'ar ba ta tsaya a gidansa yadda ya kamata ba. A 1965 kotu a Amurka ta ce bai cika sharuɗɗan kare haƙƙin mallakarsa a ƙasar ba, sai kowa ya kama ƙera irin nasa yana sayarwa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya rasu a 1989, kuma sai bayan wata doka ta 1994 haƙƙin ya dawo hannun kamfanin iyalinsa. A shekarun 1990 yayin ya sake dawowa, wannan karon da gashi kore da ja da shuɗi da ɗan dutse mai ƙyalli a cibiya, irin waɗanda wasunmu suka tsinta a cikin dilar gwanjo ko a bakin fensir ba tare da sanin sunansu ba. A 2013 kamfanin fim na DreamWorks ya sayi haƙƙin, a 2016 ya fitar da fim ɗin Trolls, wanda yaranmu ke kallo a waya suna tsalle. Da dodon nan yana raba sa'a, ai da wanda ya sassaƙa shi da hannunsa ya fi kowa kwasa.

Na san yanzu wani yana girgiza kai yana cewa Allah ya shirya, mutane da iliminsu suna shafa kan roba don neman arziki. Malam, dakata, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A buɗe aljihunmu a gani. Wane ɗalibi ne a cikinmu ba shi da biron da ya ci jarrabawa da shi sau ɗaya, ya ƙi yarda ya ara wa kowa, tawada ta ƙare yana hura shi yana karkaɗawa? Wane mai shago ne zai ba da bashi da sassafe kafin a buɗe masa kasuwa, kuma wane ne bai san mai farar ƙafa a layinsu ba, wanda idan ya fara saye da safe ranar an dace, da kuma wanda idan aka hango shi tafe ake shigewa bayan kanta? Direban babbar mota ya rubuta Allah ne gatan bawa a goshin motarsa da manyan baƙaƙe, ka sunkuya ka ga tsohon takalmin yaro yana reto a ƙarƙashin bodi, maganin baki. Mai a-daidaita-sahu ya rataya carbi a madubi, kusa da carbin ga ɗan teddi, kusa da teddin ga wani ƙulli da ba a tambayar abin da ke ciki. Mai kallon ƙwallo yana da rigar da idan ya sa ta Kano Pillars ba ta shan kashi, yana da kujerar da yake zama a gidan kallo, idan wani ya riga shi zama aka zura musu ƙwallo, ya san wanda ya jawo. Tafin hannu ya yi ƙaiƙayi mu ce kuɗi na tafe, mu hana kowa sosa mana. Ido ya yi rawa mu tsaya lissafin na dama ne ko na hagu. Mu yi tuntuɓe a hanya mu tambayi kanmu da wace ƙafa. Ba a sayar mana da allura da dare, ba a shara da dare, ba a tsallake yaro don kada ya ƙi tsawo, idan an tsallake sai an dawo an warware. Jariri kuwa kafin ya yi arba'in ya sha ɗamara, laya a wuya, guru a ƙugu, kambu a dantse, baƙin zare a tsintsiyar hannu, uwar tana cewa ita ba ta yarda da camfi ba, kakarsa ce ta ɗaura, kuma ba ta cirewa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na ga wasu sun fara sunkuyar da kai.

Wani halin namu kuma, ba mu iya son abu da sauƙi ba, ba mu iya tsoronsa da sauƙi ba. Ana cikin wannan yayi sai ga saƙo yana yawo a WhatsApp, an tura sau da yawa, ana cewa Labubu aljani ne na mutanen da, sunansa Pazuzu, duk gidan da take mala'iku sun yi ƙaura. Nan take ƙungiyar matan unguwa ta kama wuta, wadda jiya ta yi wa tata anko yau ta jefa ta a murhu tana ɗaukar bidiyo, wata ta ce tun da ta saye ta take mafarkin ana bin ta, wata ta ce da ma ta ga idon yana juyawa da dare, wata ta ba almajiri ya kai juji, almajirin ya rataya a robar bararsa ya yi gaba. Ba mu kaɗai ba ne, a Irbil ta yankin Kurdawan Iraƙi hukuma ta hana sayar da ita a 2025 ta kwashe na shaguna. Shi Pazuzu ɗin da gaske akwai shi a imanin mutanen Mesofotamiya, Iraƙin yau, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, kuma fim ɗin tsoro na The Exorcist na 1973 ne ya sa duniya ta san sunansa. Abin da masu tura saƙon ba su faɗa ba shi ne, su mutanen can ɗin layarsa suke yi, mata masu ciki suna rataya kansa a wuya don ya kore musu wata aljana mai suna Lamashtu da suke zargi da kashe jarirai. Tsakaninsa da Labubu kuwa babu dangantaka ko ta maƙwabtaka, mai zanen ya faɗi inda ya samo tasa, kuma duk wanda ya ga littattafansa ya gani. Da masu cewa tana kawo arziki da masu cewa tana kawo tsiya, duk kanwar ja ce, dukkansu sun ba auduga da roba ikon da ba su da shi.

Abin da ya fi ci mini rai a zancen nan daban ne, kuma shi nake so mu tauna. Mu fa ba matalauta ba ne a wajen dodanni. Muna da Dodo mai cinye ƙauye ya bar yarinya ɗaya mai wayo, muna da Gizo sarkin ƙiriniya da tsamin bakinsa, da matarsa Ƙoƙi, da Botorami. Maharbanmu suna da labarin gajeren mai dawa da ke kiwon namun jeji yana ɓatar da wanda ya shiga ba sallama. 'Yan bori sun gina wa iskokinsu gari guda, Jangare, da sarki da fadawa. Tarihin Kano ya buɗe ne da Tsumburbura da Barbushe a gindin Dala. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi sun tashi suna jin labarin mmoatia na Asante, gajerun mutanen kurmi masu ƙafa a juye da ke magana da fito. Duk wannan dukiya tana nan, kakanninmu sun zuba mana ita a kunne a dandali da farin wata, daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus. Wani yaro ɗan Hon Kon ya ji tatsuniyar mutanen da ba ma kakanninsa ba, ya riƙe ta, ya zauna da fensir, har aka yi layi a kanta daga Bankok zuwa Landan. Wani masunci a ƙauyen Denmak ya ɗauki dodon tatsuniyar ƙasarsu ya sa masa murmushi, har yau ana cin abinci da shi. Mu kuwa yaranmu sun san Labubu tana da saurayi mai suna Tycoco, sun san shugaban ƙabilarsu Zimomo ne mai wutsiya, ka tambaye su sunan matar Gizo su tsaya kallonka.

Kuma ba yau muka fara 'yar tsana ba balle a ce baƙon abu ne. Iyayenmu mata sun yi tasu da ƙashin ƙafar rago da karan dawa da tsumma, suka yi mata kitso da baƙin zare, suka sa mata tsakiya a wuya, suka goya ta da ɗan zane, har bikinta ake yi, da lefe a gwangwanin madara da tuwon ƙasa da guɗa, ƙawaye su zo da gudummawa, a yi faɗan kishiya a shirya kafin a kira su cin abinci. Maza suna can suna ƙera motar kara da shanun laka. A wannan wasan yarinya ke koyon goyo da raino da karɓar baƙi. Malamai ma sun karantar da mu cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su da ƙawayenta, har da doki mai fukafukai. Abin da suka ja mana kunne a kai, kuma suka yi gaskiya, shi ne jingina amfani ko cuta ga abin da ba ya iya kore wa kansa ƙuda. Wasa halal ne ga yaro, ado kuma kowa da irin nasa, amma ranar da zuciya ta fara cewa ba zan fita ba sai da ita, ba zan ci jarrabawa ba sai da shi, to ranar an bar wasa an shiga wani abu, ko 'yar tsana ce, ko biro, ko takalmin da ke ƙarƙashin mota.

Na san dalilin da ya sa muke yi, kuma ba na ganin baƙin kowa. Rayuwa tana da ban tsoro, hanya ba ta da tabbas, kasuwa yau fari gobe tsumma, sakamakon jarrabawa ba ya hannunka, jariri ɗan mitsitsi ne kuma zazzaɓi ba ya sallama. Mutum yana son ɗan abin da zai damƙa a hannu ya ji sanyi a ransa, kuma sau da yawa abin da ke ba da sanyin shi ne wanda ya ba ka, uwar da ta ɗaura, ƙawar da ta saya miki, uban da ba shi da ko sisi amma ya kwana yana sassaƙa. Wannan ƙaunar gaskiya ce, a riƙe ta da kyau. Sa'a dai, wadda muka ce ta fi manyan kaya, mun san Mai raba ta, mun san rabon kwaɗo ba ya hawa sama, mun san zakaran da Allah ya nufa da cara ana muzuru ana shaho sai ya yi, mun kuma san an ce tashi in taimake ka. Ɗalibi ya yi karatu, direba ya duba birki, mai shago ya gyara mudu, mai jego ta kai yaro rigakafi ta sa shi a gidan sauro, a yi addu'a a fita.

Saboda haka, 'yan mata, ku rataya dodonku in kuna so, mai haƙori tara ko mai goma, ku yi masa anko, amma kada ku ci bashi a kansa, kada ku nemi arziki a wurinsa, kada kuma ku hana kanku barci don tsoronsa. Iyaye, kafin ku ƙona na yara ku fara kwance abin da ke ƙugun jariri. Ku kuma masu zane da teloli da masassaƙa da maduka, daga Kano zuwa Damagaram, daga Sakkwato zuwa Maraɗi, ga Gizo nan, ga Ƙoƙi, ga Dodo, ba mai karɓar ko kwabo a hannunku kafin ku taɓa su. Ku zana su, ku ɗinka su, ku sa musu 'yar shara da hula, ku yi musu rajista da sunanku tun wuri don kada abin da ya sami Thomas Dam ya same ku. Mu kuma sauran, yau da dare bayan an ci tuwo, a kashe waya na rabin awa, a tara yara a ba su tatsuniya ɗaya daga cikin namu.